Ma'aikatan da Sunansu Bai Hau Baucan Albashi Ba

A watan Yulin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙanƙantar albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Ba a banza aka samu ba. Sai da aka yi yajin aikin gama-gari a farkon watan Yuni, har ma'aikata suka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi rawar gani, babu mai hana su wannan yabo. Sai dai dokar ta cire wasu mutane daga cikinta tun asali. Ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta hau kan mai aikin 'yan sa'o'i ba, ko wanda ake biya kamasho ko jinga, ko mai aikin da ke zuwa da damina ya tafi da kaka, irin na gona. To, ɗauki waɗannan sharuɗɗa ka bi titin Birnin Kudu da su, daga tasha zuwa kasuwa, ka wuce Babaldu, ka shiga Sara, ka ƙarasa Gwaram, kana tambayar duk wanda ka tarar yana aiki ko ƙarin ya same shi. Za ka sha tafiya kafin ka ji wani ya ce e.

Dalilin yana cikin yadda ƙungiyar ƙwadago ta shigo wannan yanki. A Inugu ramin kwal ne ya haife ta, a Legas tashar jiragen ruwa da layin dogo, a Kaduna da Kano masaƙu. A kudancin Jigawa kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masu albashi a nan su ne malaman makaranta, da ma'aikatan En'e waɗanda suka koma na ƙaramar hukuma bayan garambawul na 1976, da malaman asibiti, da malaman gona, da duba-gari. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mayar da su 42, ta ɗora uwar ƙungiya ta NLC a kansu, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko. Dokar da ta yi wannan gyara ta kuma ba da izinin a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya shiga hannun mai shi. Wannan ya ba ƙungiyoyi kuɗi da kwanciyar hankali, ya kuma ɗauke musu wahalar neman mambobi. Malamin firamare a Basirka bai taɓa zama aka lallashe shi ya shiga ƙungiyar malamai ta NUT ba. Ya ga an cire wani abu a takardar albashinsa, ya tambaya, aka ce ai na ƙungiya ne. Shi ke nan ya zama ɗan ƙungiya. Haka ma'aikacin sakatariya ya zama ɗan NULGE, haka ma'aikacin ɗakin shan magani ya shiga ƙungiyar ma'aikatan lafiya. Akawun da ke shirya bauca shi ya yi wa ƙungiya aikin tara jama'a shekara da shekaru, ita kuma ba ta taɓa koyon yadda ake yin sa da ƙafa ba.

Muddin kowa yana cikin bauca, wannan ba matsala ba ce. Ɗan ƙungiya na wancan zamani iri ɗaya ne kusan ko'ina: namiji, ɗan gari ko na maƙwabta, mai takardar aikin dindindin, mai jiran fansho da garatuti. Damuwarsa ƙarin girma, kuɗin hutu, ariyas. Ana kiran taro bayan la'asar a wani aji ko a gindin bishiya, kowa ya san uban kowa.

Yanzu shiga makarantar firamare ta gwamnati a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, ka zauna a ofishin hedimasta lokacin da ake sa hannu a littafin zuwa aiki. Mutum huɗu za su iya rubuta sunansu a shafi ɗaya, da biro ɗaya, su shiga azuzuwa masu kallon juna, amma kowa da irin igiyar da ta ɗaure shi. Na farko malamin dindindin ne, albashinsa na bin matakin aiki, yana cikin tsarin fanshon haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda aka kafa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki kuma Jigawa ke tinƙaho da shi. Na biyu ɗan J-Teach ne, shirin malaman wucin gadi da aka ɓullo da shi zamanin Gwamna Badaru Abubakar. Alawus yake karɓa, ba albashi ba, idonsa kuma yana kan ranar da za a tabbatar da shi, kamar yadda gwamnatin Umar Namadi ta tabbatar da dubbai daga cikinsu. Na uku ya zo ne ta N-Power, wanda gwamnatin tarayya ta soma a 2016 a kan naira 30,000 a wata, aka yaye shi, bai sami inda zai tafi ba, ya ci gaba da zuwa. Ta huɗu malama ce 'yar sa-kai mai takardar NCE, abin da iyayen yara suka tara ake yaga mata a ƙarshen wata, in an tara.

Ka ɗauka takarda ta zo daga Dutse cewa an shiga yajin aiki. Malamin dindindin zai zauna a gida hankali kwance, domin ƙungiya ta tsaya masa. Ɗan wucin gadi fa? In ya zauna a gida, babu wanda zai kare shi ranar da aka tsallake sunansa wajen tabbatarwa. In ya je makaranta, abokan aikinsa su ce ya ci amana. Galibi zai je, kuma ban ga laifinsa ba. Zuwansa kuwa yana nufin makaranta a buɗe take, yara na cikin aji, wanda ake yi wa yajin bai ji a jikinsa ba. Yadda ake ƙara ɗaukar masu alawus a gurbin waɗanda suka yi ritaya, haka kaifin yajin aiki ke dakushewa, ko da shugabannin ƙungiya sun fi kowa iya magana a rediyo. Wannan shi ne abin da nake ganin manyan ƙungiyoyi ba su ɗauka da muhimmancin da ya kamata ba. Suna kallon ma'aikacin wucin gadi kamar baƙon da zai kwana biyu ya wuce, alhali shi ne ke zama mai gida a hankali.

A asibiti lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Tun da gwamnatin tarayya ta karɓi babban asibitin Birnin Kudu ta mayar da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 2000, garin ya sami ma'aikata daga kowace kusurwa ta Najeriya, Musulmi da Kirista, masu jin Hausa da masu koyonta a bakin marasa lafiya. Wannan alheri ne ga gari, kuma duk mai gidan haya zai shaida. Amma a fagen ƙwadago, asibitin tarayya a ko'ina yake a ƙasar nan gida ne mai ƙofofi da yawa. Likitoci suna da NMA, masu neman ƙwarewa a cikinsu suna da NARD, ma'aikatan jinya da ungozomomi suna da tasu, masu haɗa magunguna da ma'aikatan ɗakin gwaji kuma kan haɗu a inuwar JOHESU. Tsarin albashin likitoci daban, na sauran daban, kuma an daɗe ana jan zare a kan haka: in aka ƙara wa wannan, wancan ya tafi yaji. Ƙarƙashin duk waɗannan akwai masu shara da masu gadi. Tun garambawul ɗin zamanin mulkin farar hula na Obasanjo aka fitar da irin waɗannan ayyuka daga hannun ma'aikatun tarayya aka miƙa wa 'yan kwangila. Matar da ke goge jini a ɗakin haihuwa tana shaƙar abin da nas ke shaƙa, amma a takarda ita ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, ta wani kamfani ce. In an biya alawus ɗin haɗarin aiki, sai dai ta ji labari.

Akwai kuma batun ɗan jiha da baƙo, wanda ba a cika son ɗaga shi a taro ba. A jihohin Arewa da dama, wanda ba ɗan asalin jiha ba akan ɗauke shi ne a kwantiragi, ko da shekara ashirin zai yi yana koyar da lissafi. Ƙungiyar da ke cire masa kuɗi duk wata amma ba ta taɓa tambayar makomarsa ba, da wane baki za ta kira shi zanga-zanga?

Sauyin da ya fi kowanne girma, a ganina, shi ne shigowar mata. Makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu ta daɗe tana yaye ɗalibai, amma an sha fama da ƙarancin 'yan matan karkara masu takardun shiga. Shirin ungozomomi na tarayya na 2009 ya kawo mata daga wasu jihohi zuwa ƙananan asibitocin ƙauye. Daga 2012 zuwa 2020 kuma wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, a ba su shekarar share fage, su gyara sakamakonsu, su shiga makarantun lafiya, da sharaɗin su koma su yi wa garinsu aiki. Yau a ƙauyukan da a da ba a san mace mai albashi ba, akwai ungozoma 'yar garin, akwai malamar firamare, akwai mai aikin riga-kafi.

Abin da ke damun waɗannan mata ba ya cikin jerin buƙatun da aka saba kai wa gwamna. Wadda aka tura ƙauyen da ke bayan rafi tana tunanin ɗakin da za ta kwana da wanda zai raka ta in an kira ta haihuwa da tsakar dare. Mai goyo tana tunanin inda za ta ajiye jariri. Malamar da makarantarsu ba ta da banɗaki ta san abin da take ƙunsa daga safe zuwa azahar. Akwai wadda mijinta ya yarda ta yi aiki amma bai yarda da aikin dare ba, akwai wadda wani na sama da ita ya matsa mata da maganar da ba ta iya maimaitawa a gaban maza. Dokar ƙwadago ta ba mai ciki hutun mako 12, ta ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 190, wadda ta haramta cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, a 2022. NLC ma tun 2003 take da manufar ware wa mata kashi 30 cikin ɗari na muƙamai. Duk wannan a takarda yake. A reshen ƙaramar hukuma kuwa, abin da akan gani shi ne kujera ɗaya ta shugabar mata, aikinta fitar da anko da kula da abinci ranar 1 ga Mayu. Taron da ake sa wa lokaci dab da magariba, ko a yi shi a majalisar maza a ƙofar gidan ciyaman, an riga an sallami mata daga cikinsa ba tare da an ce musu kada su zo ba.

Masu buƙata ta musamman su ma suna ƙofa. Jigawa ta riga sauran jihohi lokacin da Gwamna Sule Lamido ya soma ba su naira 7,000 a wata a 2007, dokar tarayya da aka sa wa hannu a 2019 kuma ta ce a ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Bibiyar wannan kaso aikin ƙungiya ne, in ta ga dama.

Duk waɗanda na ambata zuwa yanzu suna raɓe da gwamnati ne ta wata fuska. Mafi yawan masu aiki ba su ma kusa da ita. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 'yan shekarun nan sun nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba su cikin tsararren aiki mai takarda, kuma babu dalilin zaton Gwaram ta fi sauran wurare. Ga yarinyar da ke zaune a rumfar POS daga safe har dare da kuɗin wani, in lissafi ya yi giɓi a cire a ladanta. Ga malaman makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya, waɗanda ba a biyan da yawansu lokacin hutu. Ga masu aiki a injin casar shinkafa, da gidan biredi, da gidan ruwan leda, da wajen buga bulo. Ga 'yan acaɓa, waɗanda yawansu ya ƙaru a garuruwan Jigawa bayan Kano ta hana sana'ar a Janairun 2013, da yawa kuma babur ɗin ba nasu ba ne, balas suke kai wa mai shi kullum. Ga 'yan ƙwadagon gona da ke yanke riɗi da shinkafa a jinga, da matan da ke sheƙa da tsinta a ba su awo. Da rani kuma samari su tafi Abuja da Legas da Fatakwal ci-rani, su yi gini da dako da gadi, su dawo da saukar ruwan sama.

Kuskure ne a ce waɗannan mutane ba su san haɗa kai ba. Ƙasar Hausa ta san Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska tun kafin a haifi NLC. Ta san gayya, ta san adashi. Teloli suna da ƙungiya, masu cajin waya suna da ita, masu POS suna da zaurensu na WhatsApp inda suke tsayar da nawa za a caja a kan dubu goma. Sai dai yawancin waɗannan ƙungiyoyi na iyayen gida ne. Suna sasanta farashi, suna kare sana'a daga jami'an haraji, suna kai gudummawar biki da ta'aziyya. Yaron shago ba shi da kujera a ciki. Doka kuma ba ta sauƙaƙa ba, domin sai mutum 50 sun sa hannu kafin a yi wa ƙungiyar ƙwadago rajista, kuma ba a yi wa sabuwa rajista a fagen da wata ta riga ta mamaye.

Wani zai ce ai ga ƙungiyar direbobi ta NURTW nan, ta shiga kowace tasha tun 1978, ba ta jira bauca ba. Gaskiya ne, kuma darasinta kashi biyu ne. Ta nuna ana iya tara kuɗin ƙungiya kullum-kullum a hannun mutanen da ba su da albashi, a tsara layin lodi, a tsaya wa direba in ya yi haɗari. Ta kuma nuna inda abin kan karkata in babu lissafi a fili: direba ya wayi gari yana kallon ƙungiya kamar wani shingen karɓar haraji, kwandasta kuwa ko sunansa ba a rubuta ba. Wanda zai shirya 'yan acaɓa ko masu dako ya dubi wannan da kyau.

Misalin da ya fi kusa da abin da ake buƙata ya fito ne daga Kaduna. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda Adams Oshiomhole ya yi wa babban sakatare kafin ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007, ta ga masaƙun Kakuri da na Kano suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, mambobinta suna zubewa. Maimakon ta zauna jiran a farfaɗo da masaƙu, sai ta buɗe ƙofa ga teloli masu zaman kansu. Tela ba shi da ubangidan da za a yi wa yaji, saboda haka abin da ƙungiyar ta kai masa shi ne horo, da tsaya masa a gaban hukuma, da hanyar haɗuwa da 'yan'uwansa na wasu garuruwa. A Indiya ma haka aka yi tun 1972, lokacin da Ela Bhatt ta kafa ƙungiyar SEWA a birnin Ahmedabad daga cikin ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, ta tara mata masu talla da masu aikin hannu a gida, ta kuma koya musu karatu da ajiyar kuɗi. A wuraren nan biyu, koyarwa tana cikin abin da ƙungiya ta kai wa mutane.

Wannan yanki ma ya taɓa ganin irin haka. Lokacin da Birnin Kudu da Gwaram ke cikin tsohuwar jihar Kano, gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi, wanda shi ma ya yi karatu a Birnin Kudu, ta soke haraji da jangali, ta mayar da ranar 1 ga Mayu ranar hutu a 1980, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. A wannan shekarar dai ta kafa hukumar ilimin manya, wadda ta ci lambar yabo ta UNESCO a 1983. Sule Lamido na Bamaina yana majalisar wakilai a lokacin ƙarƙashin jam'iyyar. Mutanen wancan zamani, magada jam'iyyar NEPU, ba su raba 'yancin talaka da iya karatunsa ba. Sun san wanda bai iya karanta rasit ba, ko an soke haraji za a karɓa a hannunsa da wani suna.

Ilimin ma'aikata a yau ya yi nisa da wannan tunani. Akwai cibiyar nazarin ƙwadago ta ƙasa a Ilori mai sunan Michael Imoudu, jagoran yajin aikin 1945. NLC tana da makarantar damina da makarantar hunturu da take shiryawa duk shekara. Ana koyar da abubuwa masu amfani a can: dabarun ciniki da gwamnati, dokokin aiki, tattalin arziki. Amma da Turanci ake yi, a manyan birane, kuma wa ke zuwa? Ciyaman da sakatare da ma'aji. Su dawo da jaka da satifiket, abin da suka koyo ya tsaya a kansu. Ba na cewa a daina. Cewa nake wannan horon shugabanni ne, kuma an bar mambobi da waɗanda ba su ma zama mambobi ba babu komai.

Abin da mai aiki a Sara ko Kila ke buƙatar sani bai da yawa, kuma ba ya buƙatar otal. Ya san cewa doka ta wajabta wa wanda ya ɗauke shi aiki ya ba shi sharuɗɗan aikin a rubuce cikin wata uku. Ya san akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta tanadi abin da za a yi wa wanda injin ya cinye wa yatsu. Ya san akwai kotun ma'aikata ta musamman, kuma ba sai ma'aikacin gwamnati ke kai ƙara can ba. Ya san tun 2019 an buɗe tsarin fansho na masu sana'ar hannu, wanda tela ko mai shayi zai iya zuba abin da ya samu. Mai feshin maganin ciyawa ya san abin da ruwan nan ke yi wa fata da huhu, ya daina wanke jarkar a rafin da ake sha. Mai tafiya ci-rani ya san yadda zai rubuta yarjejeniya da ɗan kwangila kafin ya ɗauki bulo na farko. Tsofaffin ma'aikata su ma ba su wuce koyo ba. Duk lokacin da aka zo tantancewa da kwamfuta, za ka ga dattijon da ya shekara talatin yana aiki ya tsaya a shagon intanet yana miƙa wa yaro lambobin sirrinsa. Ga bashin banki da ake cirewa daga albashi, wanda mutane da yawa ke sa wa hannu ba su lissafa kuɗin ruwan ba, sai wata ya ƙare su ga saura abin da bai kai buhun masara ba.

Yadda za a koyar ya kai abin da za a koyar muhimmanci. Da Hausa za a yi, wani wuri da Fulatanci, kuma da baki, domin saƙon murya a waya ya fi takarda saurin yawo a ƙauye. Rediyo har yanzu yana shiga inda jami'in ƙungiya bai taɓa takawa ba. Wanda ke son sanin lokacin da matan aure ke samun sararin fita, ya tambayi masu Islamiyyar matan aure, sun daɗe da warware wannan. Kuma malaman ba sai an ɗauko su daga nesa ba. Ƙungiyar da ta fi kowace yawan mambobi a ƙananan hukumomin nan ta malamai ce. Mutanen da sana'arsu koyarwa ce, a ce ƙungiyarsu ba ta da aji ko ɗaya na mako-mako, abin da mamaki.

Akwai hujjar da masu adawa da wannan ra'ayi ke kawowa, kuma tana da nauyi. Suna cewa kuɗin ƙungiya na mambobi ne, don me za a kashe shi a kan wanda ba ya biya? Suna kuma tsoron ranar zaɓe: in aka shigo da masu alawus da malaman makarantun kuɗi, sun fi yawa, za su ƙwace shugabanci. Na farkon amsarsa tana cikin lissafi. Tun gyaran dokar 2005 shiga ƙungiya ya zama ganin dama, kuma duk malamin dindindin da ya yi ritaya aka cike gurbinsa da mai alawus, kuɗin shigar ƙungiya ya ragu da mutum ɗaya. Na biyun kuwa gaskiya ne, za a yi asarar kujeru, kuma wasu daga cikin masu riƙe da su sun daɗe a kai.

Wahalar da ta fi waɗannan ita ce ta zumunci. A ƙaramin gari, mai makarantar kuɗin da ke biyan malamansa abin da bai taka kara ya karya ba, sau da yawa shi kansa malami ne mai ci ko mai ritaya, wataƙila ma tsohon jami'in ƙungiya. Mai gidan biredi kawun matarka ne. Mai babur ɗin da kake kai wa balas shi ya biya maka kuɗin asibiti bara. Ba a ɗaga wa irin waɗannan kwalaye a titi, kuma shi mai makarantar ba lalle mugunta ce ba, abin da iyaye ke iya biya ke nan. Abin da zai yi aiki a nan shi ne a zauna da masu sana'a, da hakimi ko dagaci da limami a wurin, a tsayar da mafi ƙarancin abin da kowa ya yarda da shi: ranar biya, hutun rashin lafiya, wa zai ɗauki asara in kuɗi ya ɓata, kwana nawa za a ba mutum kafin a sallame shi. A rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Wannan sulhu ne irin wanda aka saba da shi a zaure, sai dai yana buƙatar wani a ɓangaren yaran shago wanda ya san abin da doka ta ce, kuma ba ya cin abinci a hannun mai gidan.

Lokaci kuma ba ya jira. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. NULGE ta daɗe tana wannan fafutuka. NUT kuwa ta daɗe tana cewa kada a mayar da albashin malaman firamare hannun ciyamomi, domin ta tuna shekarun da aka yi ana bin su bashin watanni. Ƙungiyoyi biyu mafiya girma a yankin ke nan, kowace ta fuskanci gabas ɗinta. In hukuncin ya tabbata a aikace, a sakatariyar Birnin Kudu da ta Gwaram za a riƙa yanke shawarar mutum nawa za a ɗauka da kuma a wane matsayi, kuma ciyaman ɗin da ke son ya faranta wa mazaɓu goma da kuɗin da bai isa ba, masu alawus zai ɗauka, ba masu fansho ba.